4.3 Jigon Gurɓacewar Ruwa a Wasan "Maƙiyin Jama'a" Idan Aka Auna Shi da Rayuwar Fadamun Rogo

Wasan kwaikwayon da Henrik Ibsen, mutumin ƙasar Norwe, ya wallafa a shekarar 1882, wanda za a iya fassara sunansa da "Maƙiyin Jama'a", an gina shi ne a kan wani ƙagaggen gari da arzikinsa ya rataya ga ruwa. Baƙi kan zo su biya kuɗi su yi wanka da shi don neman lafiya. Tauraron wasan, Likita Tomas Stokman, ya lura da cewa wasu daga cikin baƙin sun kamu da taifot da ciwon ciki a shekarar da ta gabata, sai ya ɗibi ruwan a asirce ya aika jami'a a gwada. A kashi na ɗaya amsa ta iso, watau ƙazantar majemun da ke wani kwari a saman gari tana tsiyayowa cikin maɗibar ruwan. Majemar da ta fi ɓarna kuwa ta surukinsa ce, Mortin Kil, kuma shugaban garin da ya kamata ya yi gyara yayansa ne, Pita.

Inda marubucin ya fi nuna gwaninta shi ne wajen ƙulla rikicin da abin da ido ba ya gani. A kashi na biyu tsoho Kil ya zo yana dariya, ya ɗauka likita ya ƙirƙiro zancen wasu halittu da ba mai iya ganinsu ne don ya kunyata yayansa. Mai karatun da ya tashi a ƙauyukan fadama irin su Zarewa ko Fulatan ko Ruwan Bago ba zai ga wannan dariya a matsayin wauta zalla ba. Ma'aunin ruwa mai kyau da kowa ya sani tun daga karatun zaure shi ne launi da ɗanɗano da wari. Wannan hukunci na fiƙihu magana yake yi a kan ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi, bai ce ruwan ba ya ɗauke da cuta ba, amma a bakin jama'a abubuwan biyu sukan gauraya. Ke nan duk wanda ya tsaya a bakin tsohuwar rijiya mai ruwa garau ya ce da cuta a ciki, ya ja da shaidar ido, ya kuma ja da kakannin da suka sha suka tsufa. Hujjarsa kaɗai takarda ce daga birni, kamar dai yadda ta Stokman take.

Za a ƙara fahimtar wannan idan aka kwatanta da labarin rijiyar Kusugu ta Daura. A can maƙiyin ruwa maciji ne, kowa ya san da zamansa, kowa ya san ranar Juma'a kaɗai ake samun ɗiba. Da Bayajida ya kashe shi ba a nemi wata hujja ba face kan macijin, sakamakonsa kuwa auren sarauniya. Stokman ba shi da kan da zai nuna. Ga shi kuma Bayajida buɗe wa mutane rijiya ya yi, shi kuwa likita rufewa yake nema, domin Pita ya bayyana cewa gyaran zai ci maƙudan kuɗi, kuma sai an dakatar da wuraren wankan aƙalla shekara biyu. Daga nan ɗan jarida Hobstad da mai ɗab'i Aslaksen, waɗanda suka yi masa alkawarin goyon baya, suka juya masa baya. Wannan juyawa ta kashi na uku an tsara ta da kyau ƙwarai, don ba wanda ya zo da wani gwaji da ya ƙaryata na likita. Lissafin aljihu kawai aka yi.

Sai dai a kashi na huɗu wasan ya saki jigonsa, kuma a ganin wannan nazari nan ne babban rauninsa. An taru a gidan Kyaftin Hosta, aka hana likita yin magana a kan ruwa. Maimakon ya nemi dabarar mayar da zancen kan marasa lafiya, sai ya koma zagin taron, yana cewa masu rinjaye ba su taɓa zama kan gaskiya ba, har ya kamanta talakawa da karnukan titi, masu ilmi kuma da karnukan gidan masu hali. Ana iya cewa Ibsen da gangan ya yi haka don ya nuna girman kan tauraronsa. Ko da an yarda da hakan, zubin wasan bai hukunta shi a kan wannan ba. A kashi na biyar an farfasa masa tagogi da jifa, an kore shi daga aiki, an kori 'yarsa Petra daga koyarwa, tausayin mai kallo duk ya koma kansa. Ruwan kuwa yana nan yadda yake. Abin lura ma shi ne, tun daga farkon wasan har ƙarshensa ba a fito da majinyaci ko ɗaya a kan dandamali ba. Waɗanda cutar ta kama baƙi ne da suka riga suka tafi.

Wannan giɓi ya fi fitowa fili ga mutumin Rogo. Gurɓatar majema ba baƙon labari ba ne a Jihar Kano, domin an daɗe ana kuka da ruwan da masana'antun jima na Sharaɗa da Calawa ke zubarwa cikin Kogin Calawa. Amma madatsar ruwan Calawa da aka kammala a ƙasar Ƙaraye a 1992 tana sama da waɗannan masana'antu ne, ba ƙasa ba. Abin da ya fi kusa da ƙauyen fadama shi ne rijiya marar zurfi kuma marar murfi, da shaddar da aka haƙa kusa da ita, da kududdufin da ambaliyar damina ke haɗewa da komai. A nan mai gurɓatawa da mai sha da mai jinya duk 'yan gida ɗaya ne. Babu wani Kil guda da za a nuna da yatsa, kuma likitan da ya zagi taro ya zagi majinyatansa ne.

Satyajit Ray na Indiya ya matso kusa da wannan yanayi a fim ɗinsa Ganashatru na 1989, inda ya mayar da ruwan ya zama na wani wurin bauta da mutanen gari ke sha don neman tabarraki, cutar kuma ta zama shawara. Ya rage zagin talaka, ya kuma ƙare fim ɗin da matasa suna fitowa goyon bayan likita. Akwai gaggawa a wannan ƙarshe, amma ba a ce ya saɓa wa abin da ya taɓa faruwa ba. A binciken 1988 zuwa 1989 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, cutar da ake ɗauka ta shan ruwan tafki mai ɗauke da ƙananan ƙwarin ruwa. Ma'aikatan sa-kai 'yan ƙauye ne suka riƙa raba ƙyallen tacewa gida-gida, suna roƙon mai kurkunu kada ya tsoma ƙafarsa a tafki, kuma akan nuna wa mutane ƙwarin da ƙyallen ya tare su gani da idonsu. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da ita daga ƙasar a 2013. Wannan hanya ta shiga gidaje a nuna wa mutane abin da ke cikin ruwansu, Ibsen bai bari tauraronsa ya gwada ta ba ko sau ɗaya a cikin kashi biyar na wasan.