Aiki Ba Ubangida: Tsokaci Kan Labarin 'Yan Baiwa

Duk wanda ya ratsa Gyadi-Gyadi ko ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni cikin daminar 2024, zai tuna halin da muka shiga. Mai shayi na firfita wuta da hannu ɗaya, ɗayan na dangwalar waya. A watan Mayu ne Notcoin ta fashe, wasu suka sami rabonsu, zance ya game gari. Sai muka afka wa Hamster Kombat da TapSwap, ana kiranmu 'yan baiwa.

Kamar kowane labari mai cin kasuwa, wannan ma yana da jigo: wai zamanin aiki a ƙarƙashin ubangida ya ƙare. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da ƙungiyoyin da ake kira DAO. Ƙungiya ce marar shugaba, dokokinta na rubuce cikin manhaja, asusunta kowa na gani, shawara kuma da ƙuri'a ake yanke ta. Wanda ya yi aiki a biya shi da kirifto, ko a Tarauni yake ko a Landan. Ga matashin da ya gaji da yawon kai takardu ofis-ofis, wannan zance ne mai daɗin ji.

Sai dai warwarar labarin ba ta bi jigonsa ba. Ranar 26 ga Satumba 2024 Hamster ta fashe, bayan masu ita sun yi iƙirarin tara mutum miliyan 300. Da yawanmu abin da muka samu bai mayar da kuɗin data ba. Mun shafe watanni muna kallon bidiyonsu, muna gayyato 'yan'uwa, amma su suka gindaya sharuɗɗa, su suka yi rabo. Ashe akwai ubangida, fuskarsa ce ba mu gani ba.

Wani zai ce Hamster wasa ne, ba DAO ba ce. Gaskiya ne. To amma DAO ɗin da ta fara yin suna a 2016 ta tara kimanin dala miliyan 150, wani ya gano ɓaraka a manhajarta ya kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai da mutane suka taru suka sauya tsarin Ethereum kafin kuɗin su dawo. Sa'annan a yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi, nauyin ƙuri'arka gwargwadon sulallanka ne. Mai sulalla dubu ya rinjayi mutum ɗari masu ɗai-ɗai.

Mu kuwa ba baƙin wannan tsari ba ne. Muna da gayya, muna da adashe. A fagen adabi ma, Raina Kama ta haɗa marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, suka buga littattafansu ba tare da jiran manyan kamfanoni ba. Abin da ke riƙe adashe shi ne an san gidan uwar adashe. In ta ci amana, akwai mai unguwa. Da CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, wace ƙofa aka ƙwanƙwasa?

Ba muna cewa fasahar ba ta da amfani ba. Marubuciyar da ke sayar da littafinta a WhatsApp tana da makaranta a Maraɗi da Kumasi da Jidda, waɗanda turo kuɗi ke yi musu wuya. Asusun da zai karɓi kuɗin ya raba nan take tsakaninta da mai tace rubutu da mai zanen bango da mai karantawa a sauti, babu dillali, abu ne da ya cancanci gwaji. Amma a nan akwai haja ta gaske, wato littafi, akwai kuma mai saye.

Don haka kafin mu sake miƙa yatsunmu ga wata sabuwar fashewa, mu tambayi abu uku: me muke samarwa da wani zai saya? Wa ke yanke ladanmu? In an cuce mu, wa za mu kai wa ƙara? Aikin da ya kasa amsa waɗannan, kallon kitse muke wa rogo.