Ganga a Filin Wasa: 'Yar Gida ce ko Baƙuwa?

'Yan uwa masu karatu, yau maganarmu a kan makaɗa take, waɗanda ke kiɗa a filin kokawa da filin ƙwallo. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon kokawa ya sani, in ganga ta yi shiru fage ya mutu. Amma kun taɓa tambayar kanku abin da ganga ke samu a filin? Ni dai a ganina wasa ya ɗaga makaɗa, ya ba su suna da kuɗi, sa'an nan ya mai da su barori. Bari mu duba a garin Arlit.

Arlit sabon gari ne. Ƙarfen uraniyom ya kafa shi. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya soma fid da ƙarfe a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo a 1974, ya soma nasa a 1978, garin Akokan ya tashi kusa da raminsa. Ma'aikata suka yi ta zuwa daga Tawa, da Maraɗi, da Damagaram, da Doso. Kowa ya zo da harshensa da abincinsa da kiɗan garinsu. Mutanen kudu suka kawo ganga da kalangu. Suka iske Abzinawa da tende, wato turmin da ake rufe wa baki da fatar akuya, mata na bugawa suna waƙa, maza na kewaya su bisa raƙuma.

Kamfanonin sun gina wa ma'aikatansu gidaje da asibiti da wuraren wasa. Ƙwallo ya kama. Ƙungiyoyi biyu na garin, Akokana da Urana, har sun buga a rukunin farko na ƙasa. Sunayensu kaɗai sun isa su gaya muku inda suka fito. Kokawa ma ba a bar ta a gida ba, gama ɗan ƙauye in ya tafi neman kuɗi da warkinsa yake tafiya. Inda akwai albashi ƙarshen wata, akwai kari ga makaɗi. Shi ya sa makaɗa suka bi ma'aikata har cikin hamada.

Mu fara faɗin alherin da wasa ya yi wa ganga, don kada mu ci hakkinsa. A da, makaɗin kokawa na ƙauyensu ne. Bayan kaka, in an gama girbi, sai ya kafa ganga a dandali, samarin ƙauyukan kewaye su zo. Sunansa ba ya wuce tafiyar yini guda. A 1975 aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci. Daga nan gasar ta riƙa zagaya jihohi. Rediyo ya ɗauki muryar makaɗa ya kai ta ko'ina. Ta haka ne Sagalo ya zama sananne a Nijar duka, har wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba ya san muryarsa. A watan Disamba na 2023 gasar ta zo Agadas, 'yan kokawa 80 daga jihohi 8, Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi. Wane biki ne zai tara wa makaɗi masu saurare kamar haka? Babu.

To, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ga askin da ganga ke yi.

Na fari, ta rasa lokacinta. A dandalin ƙauye makaɗi ne ke tafiyar da wasa. Kowane ɗan kokawa da takensa. In aka buga taken, ko yana bayan taro sai ka ga jikinsa na tsuma, ya fito, ya ɗaga hannu, ya yi kirari. Makaɗi ya san uban yaron da kakansa, ya san wanda ya kayar bara da wanda ya kayar da shi. Duk wannan yana cikin waƙar. A babban fili kuwa agogo ne sarki. Akwai alƙalin wasa da usur, akwai mai sanarwa da lasifika, akwai jerin sunaye a takarda. Makaɗi na cikin kai waƙa inda take da daɗi sai a ce ya dakata. A filin ƙwallo abin ya fi haka. Can ba a neman take, ba a neman tarihi. Ƙara ake so kawai, a yi ta duka minti 90. Yaron da ya koyi ganga a nan ya koyi ƙarfin hannu, bai koyi maganar ganga ba.

Na biyu, waƙa ta juya baya ga fage ta fuskanci rumfar manya. Ban ce makaɗi ya ƙi kuɗi ba, sana'arsa ce, da ita yake ciyar da iyalinsa. Amma ku saurara da kyau. Sau nawa za ku ji an wasa ɗan kokawar da ke zufa cikin rairayi, sau nawa kuma za ku ji ana jera sunayen alhazai da 'yan siyasa? Waƙar da ta zama jerin sunayen masu kari ba ta daɗewa. Ana watsewa an manta ta.

Na uku, kiɗan da wasa ba ya bukata ya koma gefe. Tende ba ta da wuri a filin ƙwallo. Gogen Abzinawa mai tsirkiya ɗaya, wanda mata ke yi, muryarsa siririya ce, ba ta iya ja da lasifika. Ita lasifikar ma yanzu kishiya ce ga makaɗa duka. Waƙoƙi na cikin wayar hannu, a jona a saki, ba a biya kowa ba.

Na huɗu, kuma shi ya fi ciwo: in mai gida ya tashi, baƙo ya shiga uku. Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin COMINAK, ƙarfen wurin ya ƙare. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila. Su ne masu zuwa kallo, su ne masu yin kari. An yi ta maganar ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma daidai ne a yi. Amma makaɗi ba ya cikin littafin kowa, ba shi da takardar aiki, balle kuɗin sallama.

Kada ku ce mu kaɗai abin ya shafa. A Amurka, manyan makarantu da ake kira jami'a suna da wani irin ƙwallo nasu, wanda ake ɗauka a hannu ana gudu ana ture juna. Akwai filayen da ke cin mutum sama da 100,000. Kusan kowace jami'a mai ƙwallo tana da 'yan badujala, ɗalibai masu ƙaho da ganga, wani wuri har 300 ko fiye. Suna fareti a tsakiyar fili lokacin hutun rabin wasa. Ƙwallo ya ba su riguna da kayan kiɗa da tafiye-tafiye. 'Yan badujalar wata jami'ar baƙar fata a jihar Fulorida, waɗanda malam William Foster ya kafa a 1946, sun yi suna har aka kira su fareti a birnin Paris a 1989. Duk da haka baƙi ne a filin. Hutun minti 20 ne, a cikinsa ake yaga musu ɗan rabo. Sau da yawa talabijin ba ya ma nuna su, talla yake sakawa. In kuma makaranta ta daina ƙwallo, badujala ta rasa filin da take fita. Kun ga, ciwonmu ɗaya.

Akwai wasu makaɗan a can da ba su jingina da ƙwallo ba. Ƙungiyoyin samari ne na ganga da ƙaho, waɗanda tsofaffin soja da unguwanni suka soma kafawa. A 1972 suka haɗa kai suka yi gasar kansu, inda kiɗa da fareti ne kaɗai abin kallo. Hannunsu ya ƙware ƙwarai, gama don su aka zo. Amma abin ya yi tsada. Yaro sai ya biya kuɗi masu yawa kafin ya shiga, ƙananan ƙungiyoyin unguwa kuwa da yawa sun mutu. Wannan ma darasi ne: a yi wa ganga ɗakinta, amma kada a yi ɗakin da ɗan talaka ba ya iya shiga.

Mu kuwa misali na nan kusa da mu. Ku dubi bikin Biyanu na Agadas, wanda ake yi wajen shigowar sabuwar shekarar Musulunci. Gari na rabuwa biyu, gabas da yamma, kowane ɓangare da tamburansa da samarinsa, suna zagaya unguwanni suna rawa. Ba kamfani ya kafa shi ba, ba a sayen tikiti, ba mai usur. Yara na bin manya suna koyo. Shi ya sa farashin ƙarfe ya hau ya sauka, Biyanu na nan.

Ga abin da nake roƙo. Masu shirya kokawa da ƙwallo a Arlit da Akokan, ku sa makaɗa cikin lissafi tun farko, kamar yadda kuke sa alƙalan wasa, a yanka musu lada sananne don kada su dogara ga rumfar manya. Ku ba su lokacinsu kafin a fara kamawa, a kashe lasifika, su buga take. Shugabannin samari da na unguwanni, ku ware ko da dare ɗaya a wata na kiɗa zalla, ganga da kalangu da tende, kowa ya ji na ɗan uwansa. Makaɗa, ku ɗauki yara ku koya musu, kada take ya bi ku kabari.

Ku kuma da kuka koyi karatu da rubutu, ga aikinku. Ku ɗauki alƙalami ku je wurin tsohon makaɗin unguwarku. Ku tambaye shi taken wane da wane ya sani, wa ya koya masa, a wane gari. Ku rubuta, ku karanta wa 'yan ajinku, ku ajiye. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Kada mu bar gangarmu ta zama baƙuwa a garin da ta taya ginawa.