Märzen, Giyar Maris da Ake Buɗewa da Kaka

Masu sharhi kan abinci da abin sha a Turai sun daɗe suna yi wa Märzen kallon tsohuwar yayi: wai ta yi nauyi, ta cika zaƙi, kofi biyu sun isa su cika ciki. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba kuma shi ya kawo ni ba. Sana'ar nake dubawa, kuma a nan masu sukar sun yi kuskure.

Tarihin gajere ne. A 1553 Albrecht na Biyar, mai mulkin Bavariya, ya hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, saboda zafi yana lalata ta. Sai masu dafawa suka riƙa yin ta da yawa a watan Maris, inda ta samo sunanta, su adana a ramukan ƙarƙashin ƙasa da ƙanƙarar da suka sara a hunturu. Ragowar ake sha da kaka. Bikin Oktoba na Munich ya fara a 1810, amma sai a 1872 Josef Sedlmayr ya kai masa wannan jar giya.

Gwanintar tana wurin dahuwa. Bayan an niƙa tsiron sha'ir an dama da ruwan ɗumi, sai a kwashi kamar sulusin mai kaurin, a zuba a wata tukunya, a tafasa shi sosai, a mayar cikin uwar tukunyar. Zafin gaba ɗaya ya ɗaga mataki guda. A sake, wani lokaci har sau uku, daga wajen digiri 35 zuwa 50, zuwa 65, zuwa 75. Me ya sa kaurin kawai ake tafasawa? Domin sinadaran da ke mayar da sitaci sukari sun fi yawa a ruwan da aka bari, kuma tafasa tana kashe su. An dafa ƙwayar, an tsira da mai aikin. Mutanen da ba su da ma'aunin zafi suka gano wannan, da ludayi da ƙidaya kawai. Matan da ke dafa burukutu ma suna da irin dabarar: su tsiyaye ruwan sama, su dafa guggubin, su haɗa.

Tafasar nan tana ƙara launin jan ƙarfe da ƙamshi irin na ɓawon burodi, ko in ce ƙanzon tukunya. Wasu na cewa tsiron zamani ya sa wannan wahala ba ta da amfani. Ga mai lissafin kuɗin makamashi, haka ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne giyar kabewa ta Amurka, wadda ake tula wa kirfa da citta da kanumfari a ce ga kaka a kwalba. Kayan yaji kowane wata ana samunsu a kanti. Märzen kuwa watanni ta yi a sanyi tana jira, kakarta a jiran take. Su kansu kamfanoni shida na Munich da ke shayar da bikin Oktoba, irin su Paulaner da Spaten, tun wajen 1990 suka koma wata mai hasken launi wadda ta fi saurin shiga, don a fi saye. Riba ce ta kori Märzen daga rumfunan bikin, ba wani aibu nata ba.