Jinjina ga malaman labarin ƙasa na Arlit

Malamin da ke koyar da labarin ƙasa a Arlit ya cancanci yabo, musamman wanda bai tsaya ga tsohuwar taswirar bango ba. Da wayar hannu guda zai buɗe hoton tauraron ɗan Adam, yara su kewaye shi, su hango garinsu daga sama: ga manyan ramukan haƙar yuraniyom na kamfanin SOMAÏR, ga Akokan inda kamfanin COMINAK ya daina haƙa a 2021, ga hanyar da ta miƙe kudu zuwa Agadez da Tawa.

Inda gwanintar take shi ne bayan an ajiye wayar. Sai ya raba yara rukuni-rukuni, a zana unguwa a kan rairayi, a sa tsakuwa a matsayin masallaci da famfo da kasuwa. Gardama ta kaure kan ina ne gabas, har sai wata ƴar aji ta tuna musu alƙibla. Yaron da ya iya wannan ba zai sha wuya ba wajen gane duwatsun Ayar ko Assamaka ta iyakar Aljeriya a taswira.

Akwai kuma taswirar OpenStreetMap, wadda ƴan sa-kai ke zanawa tun 2004, kowa na iya ƙara titi ko makarantar da aka manta. Sai dai intanet na da tsada, wuta ma ba kullum ba. Iyaye da hukumomin ilimi na Agadez, ku tallafa wa malaman nan da kayan aiki.