Sanda ko Hannu: Musun Teburin Sunuka a Ƙofar Ruwa

Ƙofar Ruwa unguwa ce ta masu sanin darajar kayan aiki, domin kasuwarta ta ƙarafa da kayan gyaran mota ta yi suna har wajen Kano. Ba mamaki ke nan idan yamma ta yi, samari suka kewaye tebur a ƙarƙashin rumfa, wanda ya ɓarar da ƙwallo a bakin rami ya ɗaga sanda yana dubanta: "Wallahi sandar nan ce, abokina, ba ta da kai." Wani lokaci gaskiya ya faɗa, amma sau da yawa hannunsa ne ya ci amanarsa.

Inda yake da gaskiya shi ne kan sandar. 'Yar fatar nan da ake mannawa a tsini ita kaɗai ke taɓa farar ƙwallo, kuma ita ta mai da wasan fasaha. Wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, ake danganta wa ƙirƙirarta a farkon ƙarni na 19. Kafin shi, katako ne ke dukan ƙwallo, dole a buga tsakiya. Da fata da alli ne mai wasa ke iya dukan ƙasan farar ta daki 'yar'uwarta ta dawo da baya, ko ya daki gefenta ta karkata bayan ta taɓa robar tebur. Idan fatar ta cinye ko ta yi sulɓi, ko gwanin duniya aka ba, sanda za ta zame masa da wannan ƙarar mai ban haushi. Haka ma sandar da ta lanƙwashe saboda an jingine ta a rana ko damina ta jiƙa ta. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa karɓar sandar gida sai sun kwantar da ita a tebur sun mirgina: in tsininta na tsalle, su ajiye su ɗauki wata.

Daga nan kuma rabon sanda ya kusa ƙarewa. Stephen Hendry ɗan Scotland ya ci kofin sunuka na duniya sau 7 tsakanin 1990 da 1999, da sandar da aka saya masa yana yaro a kan fam 40. A 2003 ta karye a cikin kayan jirgin sama yana dawowa daga Thailand. Yana da kuɗin sayen kowace sanda a duniya, amma ya sha wahala kafin ya saba da wata. Abin da ya rasa ba tsada ba ce, sabo ne: shekaru hannunsa ya yi yana koyon nauyinta da yadda take ture ƙwallo. Efren Reyes na Filifin, zakaran duniya na wasan ƙwallo 9 a 1999, a ɗakin wasan kawunsa a Manila ya tashi, inda babu wanda ke zaɓa wa yaro sanda.

Kamfanoni irin su Predator suna sayar da sandunan zamani masu rage kaucewar farar ƙwallo idan an buga gefenta. Amfaninsu gaskiya ne, sai dai na wanda ya riga ya iya ne. Yaron da gwiwar hannunsa ke lilo, wanda ke ɗaga kai kafin sanda ta gama tafiya, wanda yake zura ƙwallo ɗaya ba tare da tunanin inda farar za ta tsaya ba, babu sandar da za ta gyara shi. Ina ganin ma ɗan wasan rumfa yana da wata baiwa da ba a yaba masa: yau ya riƙe mai nauyi, gobe mara nauyi, kuma ya ci.

Abin da ya fi damuna a teburanmu ba ƙarancin sanduna masu tsada ba ne. Tebur ne da aka girke a ƙasa mai gangara aka tokare ƙafarsa da kwali, da ƙyallen da ƙurar hunturu ta cika har ƙwallo ke tsayawa a rabin hanya. A irin wannan tebur yaro ba zai koyi bugu a hankali ba, sai dukan ƙarfi, domin ƙwallon da aka tura sannu sai ta bi gangara. Mai teburin da ke karɓar kuɗin kowane wasa, ya daidaita ƙafafun, ya riƙa share ƙyallen da burushi, ya sauya fatar sanduna idan ta cinye, ya ajiye alli. Kuɗin wannan duka bai kai na sanda ɗaya ta waje ba.