Ƙa'idojin Rubutun Hausa a Maƙalun Ɗaliban Makarantun Littafi Mai Tsarki: Sharhi

1. Gabatarwa

Tun lokacin da mishan ta kafa tasharta a Damagaram cikin 1924, daga baya kuma a Tsibiri kusa da Maraɗi, Hausar boko ce harshen karatun Kiristocin kudancin Nijar. Ɗalibin da ya fito daga makarantar Littafi Mai Tsarki shi ne zai zama mai wa'azi, mai fassara, sau da yawa kuma malamin yaƙi da jahilci a ƙauyensa. Saboda haka duk kuskuren da aka ƙyale a maƙalarsa, a bisa allo zai sake fitowa. Abin da wannan sharhi yake suka shi ne al'adar gyaran da ke auna aƙidar ɗalibi kawai, ta bar rubutunsa yadda ya zo.

2. Tushen matsala

A ganinmu ba sakaci ne tushen abin ba. Ɗalibi ya gaji hanyoyin rubutu uku da ba su jitu ba. Ta farko ita ce ta tsofaffin littattafan mishan, irin su fassarar 1932, wadda ko sunanta "Litafi Mai-Tsarki" aka rubuta. Ta biyu ita ce ta Faransanci da ya koya a lakwal. Ta uku kuwa ita ce daidaitacciyar ƙa'ida, wadda ita ma ta sauya: bayan taron Bamako na 1966 an riƙa ninka dogon wasali a Nijar, taron Yamai na 1980 ya kawo daidaito da Nijeriya, sa'an nan dokar 1999 ta tsayar da abajadan da ake aiki da shi a ƙasar.

Misali ɗaya ya isa. Tsofaffin littattafan mishan suna rubuta ch a gurbin c, Faransanci kuwa yana rubuta ch a gurbin sh. In ɗalibi ya rubuta "chi", ba mai sanin ko ci yake nufi ko shi, sai an tona inda ya yi karatu.

3. Baƙaƙe masu ƙugiya da rabon kalmomi

Barin ƙugiya ba ƙaramin laifi ba ne a rubutun addini. Wanda ya rubuta "Uba da Da" ya mai da suna mahaɗi. Haka karya da ƙarya, ko baki da baƙi. A jimlar "tunkiya ta bata" kuskure biyu ne ke iya ɓuya, domin ana iya karanta ta "ta ɓata" ko "ta ba ta".

Wajen rabon kalmomi ƙa'ida a fili take. Wakilin suna na mallaka yana liƙe, na karɓau yana ware:

(a) cetonmu, amma ya cece mu
(b) yana zuwa, amma ba ya zuwa
(c) suka tafi, amma za su tafi

Mai rubuta "baya mutuwa" ya haɗe korewa ta koma sunan sashen jiki.

4. Nahawu

Nan ne masu gyara suka fi yin kuskure, domin suna haɗa abu biyu daban a jan alƙalami guda. Ɗalibin Tawa da ya rubuta shina, munka, sunka ko tahi bai karya nahawu ba, karin harshensa ya rubuta. Abin da ya kamata a nuna masa shi ne cewa maƙalar ilimi tana bin daidaitacciyar Hausa: yana, muka, suka, tafi. Amma wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce, ya rubuta "ikkilisiya ya taru", wannan ya saɓa wa jinsi, gyaransa kuwa darasi yake bukata.

Abin da ya fi waɗannan ɓarna shi ne ginin jimlar Faransanci cikin kalmomin Hausa. "An rubuta wasiƙar ta wurin Bulus" ba zancen Bahaushe ba ne. Bahaushe cewa zai yi "Bulus ne ya rubuta wasiƙar". Irin wannan yakan wuce ba a taɓa shi ba, domin kunnen mai gyara ya saba da shi a wurin wa'azi.

5. Alamomin rubutu

Wa'azi na baka ne, kuma ɗalibi yakan rubuta yadda yake wa'azi: sakin layi guda, "sai" na bin "kuma", aya ɗaya a ƙarshe. Ga kuma al'adar Faransanci ta barin fili kafin ruwa biyu da alamar tambaya, wadda Hausa ba ta bi. Mafi muhimmanci ita ce alamar zancen wani. Inda aka bar ta, mai karatu ba ya iya raba nassi da fahimtar ɗalibi, wannan kuwa ya taɓa amanar ilimi kanta. Haka nan nuni ga sura da aya yana bukatar tsari ɗaya: wanda ya fara da Yahaya 3:16, bisa fassarar 1979, kada ya koma Yohanna 3,16 a shafi na gaba.

6. Shawarwari

Na farko, a ware wa rubutu makinsa daban da na aƙida, domin abin da ba a ba maki ba a koyonsa. Na biyu, masu tsara yaƙi da jahilci su sa malaman waɗannan makarantu cikin horon ƙa'idojin rubutu, kamar yadda aka yi wa malaman makarantun gwaji da aka fara a Damagaram cikin 1973. Na uku, a tsara ɗan jerin kalmomin addinin Kirista da sunayen littattafan nassi bisa abajadan 1999, har da ƴ da Nijar take rubutawa inda littattafan Nijeriya suke sa 'y. Muddin ɗalibi yana karanta ƙa'ida ɗaya a littafinsa ana kuma gyara masa da wata, ba a gama adalci ba in aka ɗora laifin a kansa shi kaɗai.