Sharhi: Shafi 45 Da Suka Tona Asirin Jijiya

Na karanta takardun kimiyya bila adadin, amma babu wadda ta kwanta mini a rai kamar wadda Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka fitar a mujallar Journal of Physiology a watan Agustan 1952. Shafi 45 ce kacal, ita ce ta biyar a jerin takardunsu na waccan shekarar, kuma har yau duk sa'ad da na buɗe ta sai tsigar jikina ta tashi.

Tambayar da suka tunkara kowa ya san ta a jikinsa: in ka taka garwashi, yaya aka yi ka ɗauke ƙafa kafin ƙiftawar ido? Jijiyar ɗan Adam ta yi siriri da yawa, don haka suka nufi Plymouth, a gaɓar tekun Ingila, wurin wata dabbar ruwa mai hannuwa goma da ake kira sikwid. Tana da jijiya mai kaurin tsinken tsintsiya, har ana iya zura mata waya a ciki. Wannan dabara kaɗai ta isa a yi musu jinjina.

Ga abin da suka gano. In jijiya tana hutawa, lantarkin cikinta yana ƙasa da na waje da milibolt 60 zuwa 70, sinadarin sodiyam kuwa, wanda ke cikin gishirin miyarmu, ya yi dafifi a waje yana jiran a buɗe. Da zarar lantarkin ya ɗan ɗaga, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, ya kwararo ciki. Shigarsa ta ƙara ɗaga lantarkin, wasu ƙofofin su ma su buɗe, har a kai milibolt 40 sama da sifili. Cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa sai wata sakata ta daban ta danne ƙofar, fotasiyam ya fita ta tasa hanyar, komai ya koma mazauninsa. Kafin nan sashen jijiyar da ke maƙwabtaka ya riga ya kama. Tafiyar wutar daji ce: tana cin gaba, ba ta komawa inda ta ƙone. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci!

Inda takardar ta gama sace zuciyata shi ne lissafin. Kwamfutar jami'ar Cambridge tana hannun masu gyara, sai Huxley ya zauna da injin lissafi na juyawa da hannu, ya yi ta murzawa kusan mako uku. Lissafinsa ya ce saƙon zai yi gudun mita 18.8 a daƙiƙa. Awon jijiyar ya ba da 21.2. Kai jama'a! Kuma fa ba su taɓa ganin ƙofar da ido ba. Sai a 1984 ayarin Shosaku Numa a Japan ya karanto tsarin halittarta daga wani kifi mai lantarki, aka iske sassa masu caji da ke motsi da lantarki, irin waɗanda Hodgkin da Huxley suka yi hasashe.

Tun da na fahimci wannan aiki nake ganin ƙofar nan ko'ina. Dafin kunama yana hana sakatar rufewa, jijiya ta yi ta kururuwa, raɗaɗi ya ƙi lafawa. Allurar kashe zafi da likitan haƙori ke yi tana toshe ƙofar, dasashi ya yi ɗum. Maganin farfaɗiya irin su carbamazepine ita yake lallashi.

A 1963 aka ba Hodgkin da Huxley kyautar Nobel tare da John Eccles, kuma sun ci guminsu. Ɗalibin likitanci ko na harhaɗa magunguna, kada ka tsaya ga taƙaitawar littafin aji. Nemi takardar nan ka karanta ta da fensir a hannu. Ba za ka yi da-na-sani ba.